Wasan Da Ake Yi Cikin Ofis: Tarihin Masu Riƙon Ƙungiyar Ƙwallo



In ka taɓa zama rumfar mai shayi a nan Hawandawaki ranar da Kano Pillars ke wasa, ka san yadda abin yake. Samari sun kewaye rediyo ɗaya ko wayar hannu, kowa ya kasa kunne. In an ci, sai ka ji ihu: "Sai masu gida!" In kuwa an sha kashi, wani ya ce mai tsaron gida ne ya yi barci, wani ya ce a kori koci. Ban taɓa jin wanda ya tambaya ko an biya ƴan wasan albashin watan jiya ba. Ban kuma taɓa jin wanda ya tambayi wa ya nemo motar da ta kai su filin, ko wa ya sa hannu ga takardar da ta kawo sabon ɗan wasan gaba ba. To, waɗannan duka aikin waɗansu mutane ne da ba su sa riga mai lamba, ba su kuma taɓa ƙwallo. Su ne mutanen ofis, wanda mu a nan muke ce wa biro.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancensu. Ranin bara, bayan mun tashi daga aji, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsaya har kowa ya watse. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce, "Malam, duba mini wannan." Yana karanta Hausa yanzu, a hankali dai, amma takardar da Turanci aka buga ta. Wani baƙo ne daga ƙetaren iyaka ya ga ɗansa mai shekara 16 yana wasa, ya ce zai kai shi ga babbar ƙungiya, abin da ake bukata kawai uban ya dangwala yatsa. Zan gaya maka abin da ke cikin takardar. Amma sai mun fara bin tarihin irinta, gama ba yau aka fara rubuta ta ba.

Inda aka fara biyan mutum don ya yi wasa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da suke kira besbol. Mutum tara ne a kowane gefe. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, abokin hamayya ya make ta da kulki, sa'an nan ya ruga ya taka tashoshi uku ya dawo ta huɗu, wadda suke kira gida. Ba lalle ne ka san dokokinsa ba. Abin da ya shafe mu shi ne, a wannan wasa ne aikin ofis ya fara tsayawa da ƙafarsa.

A 1869 ƙungiyar Red Stockings ta birnin Cincinnati ta fito fili ta ce duk ƴan wasanta albashi ake biyansu. Harry Wright ne ya riƙe ta. Shi ke ɗaukar ƴan wasa, shi ke shirya tafiya, shi ke lissafin kuɗin ƙofa, yana kuma shiga fili ya yi wasa. A wannan shekara ba wanda ya ci su. Amma da suka fara faɗuwa a 1870, ƴan kallo suka ragu, masu ƙungiya suka duba littafin kuɗi suka ce ba su iya ci gaba da biyan albashi. Aka sallami kowa. Ka ga tun ranar farko an gane cewa ƙungiya tana iya cin wasa a fili ta faɗi a ofis.

Masu ƙungiyoyi suka lura albashi ne ke cinye su, don kowane shekara ƴan wasa na komawa ga wanda ya fi biya. Sai a 1879 suka haɗa baki. Suka ce kowace ƙungiya ta keɓe mutum biyar waɗanda ba wanda zai taya. Daga baya aka faɗaɗa abin ya hau kan kowa, aka kuma rubuta shi cikin yarjejeniyar da ɗan wasa ke sa wa hannu: in shekara ta ƙare, ƙungiya na da ikon sabunta takardar ko da mai ita bai so ba. Watau ɗan wasa ba shi da kasuwa sai ɗaya. Ko ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar wasan ya nemi wata sana'a. Ƙungiya kuwa tana iya sayar da shi duk ranar da ta ga dama. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar Boston Red Sox ya sayar da Babe Ruth, gwanin zamaninsa, ga Yankees ta Niyok a kan dala 100,000. (Dalar Amurka nake nufi fa, ba tamu ta tamma biyar ba.) Boston ta ci kofi a 1918, ba ta sake ganinsa ba sai 2004.

Mutumin da ya fi kowa gyara wannan sana'a sunansa Branch Rickey. Ya yi wasa bai shahara ba. Ya yi koci a ƙungiyar Cardinals ta St. Louis, a 1925 aka sauke shi aka ce ya tsaya ga ofis kawai. A nan ne gwanintarsa ta bayyana. Cardinals ba ta da kuɗin da za ta yi takara da manyan ƙungiyoyin Niyok wajen sayen gwanaye. Sai Rickey ya yi irin dabarar matanmu masu kiwon turka: maimakon a sayi ƙaton rago ana gobe Layya, a sayi ɗan tunkiya da araha tun da wuri a yi ta ba shi dusa da harawa. Ya riƙa sayen ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa, ya tura masu ido su bi ƙauyuka su ɗebo samari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A horar da su, wanda ya yi fice a hau da shi babbar ƙungiya, saura a sayar. Kafin 1940 ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin Cardinals sun wuce 30, ƴan wasa ɗaruruwa. Kofi kuwa ya zo a 1926, 1931, 1934 da 1942.

Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Amma mutum ba rago ba ne. Samari da yawa sun tsufa a ƙananan ƙungiyoyin nan, ba a hau da su ba, ba a kuma sake su su nemi wani wuri ba. Shi kansa Rickey yana da kaso cikin kuɗin kowane ɗan wasan da aka sayar. A 1938 shugaban wasan, Alƙali Landis, ya ga abin ya yi yawa, ya kwance ƴan wasa fiye da 70 daga hannun Cardinals.

Rickey ɗin nan ne kuma ya yi abin da duniya ke tunawa da shi. A zamanin nan ba a ɗaukar baƙar fata a manyan ƙungiyoyin besbol, su ma sun kafa tasu gasar tun 1920. Da Rickey ya koma ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, ya ɗauki Jackie Robinson a 1945, ranar 15 ga Afrilu 1947 kuwa Robinson ya shiga fili cikin farare. An zage shi, an yi masa barazana, ya daure. Wannan shawara ce ta ofis, kuma ta jarunta ce. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ko kwabo Rickey bai ba Kansas City Monarchs ba, ƙungiyar baƙar fata da Robinson ya fito. Wata mace, Effa Manley, wadda ke riƙe da ofishin Newark Eagles, ita ce ta tsaya ta ce ba ta yarda a kwashe mata ƴan wasa a banza ba, tunda tana da takardunsu a rubuce. Sa'ad da Cleveland ta nemi Larry Doby a 1947, sai da ta biya ta dala 15,000. Duk da haka gasar baƙar fata ba ta rayu ba, gama gwanayenta sun tafi, ƴan kallo sun bi su. A 2006 aka sa sunan Effa Manley a zauren tunawa da manyan besbol, ita ce mace ta fari.

Igiyar nan ta 1879 ta daɗe. A 1969 Cardinals ta musanya wani ɗan wasanta, Curt Flood, bayan ya yi mata shekara 12, ba tare da an shawarce shi ba. Ya ƙi tafiya, ya ce shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har kotun ƙoli, a 1972 ya faɗi, sana'arsa kuma ta mutu. Amma ya buɗe ƙofa. A ƙarshen 1975 wani mai sasanci ya karanta takardar da kyau ya ce ikon sabuntawar nan na shekara ɗaya ne tak, ba na har abada ba. Kusan shekara ɗari ana ɗaure mutane da jimla guda, fassarar jimlar ce kuma ta kwance su. A ƙwallon ƙafa sai a 1995 aka yi irin wannan shari'a, ta Bosman, ɗan ƙasar Beljiyam, wadda ta ba ɗan wasa a Turai ikon tafiya kyauta in yarjejeniyarsa ta ƙare.

Na zamani ɗaya zan ambata in wuce. A 2002 Billy Beane na ƙungiyar Oakland yana da kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin albashin Yankees. Ya daina dogara ga idon tsofaffin masu zaɓe kaɗai, ya koma ga lissafi, ya nemi ƴan wasan da alkaluma suka nuna suna da amfani amma kasuwa ta raina su. Oakland ta ci wasa 103 a wannan shekara, daidai da Yankees. Kofin dai bai zo ba.

Mu dawo kusa da gida

A Najeriya an fara gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ci, dattawanmu da suka yi fatauci Kano a lokacin har yau suna ba da labarinta. Ƙungiyoyin wannan zamani iri biyu ne. Waɗansu na ma'aikatu ne da kamfanoni: ɗan wasa a rubuce akawu ne ko ma'aikacin ruwa, yana karɓar albashi a matsayin haka, aikinsa kuwa ƙwallo. Waɗansu na attajirai ne, irin Abiola Babes ta Abekuta da Leventis United ta Ibadan. Waɗannan sun yi tashe ƙwarai tsakiyar shekarun 1980, Leventis ta ci gasa a 1986, Abiola Babes ta ci kofin ƙalubale a 1985 da 1987. Amma kafin shekarun su ƙare duka biyu sun rushe, don masu su sun janye hannu. Ƙungiyar da ke rataye ga aljihun mutum ɗaya, ranar da ransa ya ɓaci ranar take mutuwa. Ita ma Raccah Rovers ba ta ɗore ba.

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwararru, watau ta waɗanda ƙwallo ce sana'arsu a fili. Kano ba ta da ƙungiya guda mai ƙarfin shiga. Sai aka haɗe uku: WRECA, ta hukumar ruwa ta jihar, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, shi ne jagoran wannan aiki. Haka aka haifi Kano Pillars. Ka lura, ba a fili aka haife ta ba. A kan tebur ne, da shawara da takardu. Mai ita kuwa gwamnatin jihar Kano.

Me mutanen ofis ke yi a ƙungiya irin wannan? Gasar Najeriya ƙungiya 20 ce, in an yi ta cikakkiya kowace na wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. Waje kuwa ya haɗa da Fatakwal, Aba da Legas, tafiyar yini guda cur a mota ko fiye. Kowace tafiya sai an tanadi mota da mai, masauki da abinci na mutum wajen talatin, da ladan wasa. Akwai rajistar ƴan wasa kafin a rufe ƙofa, akwai likita, akwai tsaron fili, akwai tikiti. Akwai kuma babban aiki, sanin wanda za a ɗauka da wanda za a sallama, da kuma ranar da ya kamata a sayar da gwani tun farashinsa bai faɗi ba. In ka kwatanta da gandu, koci shi ne mai jan gayya a gona, mutumin ofis kuwa shi ke riƙe da mabuɗin rumbu. Ƴan noma ba su ganinsa da hauya, amma in fura ba ta iso gona ba kowa ya san wanda za a nema.

Hanyar nan ba wasa ba ce. A watan Maris 2015, suna kan hanyar Owerri don wasan farko na shekara, ƴan fashi suka tare motar Pillars tsakanin Abuja da Lokoja, suka buɗe wuta, ƴan wasa biyar suka ji rauni. Su ne zakarun ƙasa a lokacin. Shawarar a bi mota ko jirgin sama, a tashi da dare ko da safe, shawarar ofis ce, kuɗi kuma ke yanke ta.

Shekarun daɗin Pillars sun fara a 2008, da ta ci gasa karon farko a hannun koci Kadiri Ikhana. A 2009 ta shiga gasar zakarun Afirka ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. Aka yi 1 da 1 a Kano, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, Pillars ta wuce da yawan ƙwallayen waje. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Heartland ta Owerri ta fid da ita. Sa'an nan ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, biyu a hannun Baba Ganaru, ɗaya a hannun Okey Emordi. Shekara 12 ba a ci ta a gida ba cikin gasa, sai a watan Agusta 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, da bugun fanareti a kan Niger Tornadoes, shekara guda bayan ta bar shi ya kuɓuce a hannun Rangers ta Inugu, alhali ta riga ta yi gaba da ci uku.

A ganina sirrin waɗannan shekaru ba koci ba ne kaɗai, gama kofi huɗu na gasa koci uku ne suka kawo su. Abin da bai sake ba shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. An riƙe ƴan gida irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad shekara da shekaru, baƙi na zuwa suna tafiya suna tarar da su. Riƙe ɗan wasa kuwa aikin ofis ne: a biya shi, a san darajarsa, kada a bari maƙwabci ya fi ka kula da shi.

Amma kasancewar ƙungiya ta gwamnati takobi ne mai kaifi biyu. Amfaninsa, ba ta mutuwa don mutum ɗaya ya yi fushi, kamar yadda Abiola Babes ta yi. Illarsa, kuɗin ba daga ƙofar fili yake fitowa ba, daga baitulmali yake. Saboda haka idon shugaban ƙungiya ya fi karkata ga gidan gwamnati bisa ga ƴan kallo. Gwamna ke naɗa shugabanni, in gwamnati ta sake su ma a kan sake su. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba, da wuya ya dasa irin itacen Rickey wanda sai bayan shekara biyar yake ba da ƴaƴa. Kano cike take da yara masu ƙwallo a kowane lungu, ga filin wasa na Sani Abacha da ke cika maƙil. In da akwai garin da ƙungiya za ta iya ciyar da kanta a ƙasar Hausa, ai nan ne.

Shekarar 2022 ta nuna yadda ake faɗuwa ba a ƙafar ƴan wasa ba. A watan Afrilu ƴan kallo suka ta da hargitsi a wasan Katsina United, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci Pillars tara, ta kuma zaftare mata maki uku. A watan Yuni, a wasan Dakkada, aka sami shugaban ƙungiyar na lokacin da laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, aka sake hukunta ta. Da gasa ta ƙare Pillars ta gangara rukuni na biyu. Ta dawo a 2023.

Labarin Ahmed Musa ya dace a nan, don ya ga ɗakin ta ciki da waje. A Jos aka haife shi a 1992. Ya zo Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Amma aro aka ba da shi, daga makarantar ƙwallo ta GBS da ke Jos. Ka riƙe wannan kalma ta aro, gama a kasuwar ƴan wasa ba a tambayar rigar wa yaro ya sa, ana tambayar takardarsa a hannun wa take. A 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara yi mata wasa, don dokar FIFA ta hana ƙetarar da yaro ƙasa da haka, in ban da ƴan dalilai kaɗan. Daga nan ya tafi CSKA ta Mosko a 2012, Leicester ta Ingila a 2016, Al Nassr ta Saudiyya a 2018. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024. A watan Yuli 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi janar manajan ƙungiyar. Yaron da aka taɓa ba da aronsa, sai ga shi an miƙa masa alƙalami.

A nan gida Nijar kuwa

Namu tsarin bai yi nisa da wancan ba. Ka dubi sunayen ƙungiyoyin da suka fi cin kofi a shekarun baya-bayan nan: AS FAN ta soja, AS GNN ta gardi, ta jandarma, ta duwan, SONIDEP ta kamfanin mai, Nigelec ta kamfanin wuta. Kowace tana da uwa mai biyan albashi, kusan duka kuma a Yamai suke. Ƙungiyoyin gari irin Ɗankasawa da Jangorzo na Maraɗi su ne ke fama, su bi attajirai da ƙoƙon bara kafin kowace tafiya. Jangorzo ta taɓa zama zakarar ƙasa a 1983. Ba gwanaye jihar Maraɗi ta rasa ba tun daga lokacin.

Ko kokowa, wadda muka gada, tana da mutanen ofis nata. A da ɗan kokowa na da ubangida, sarki ko attajiri, mai ci da shi da yi masa sutura, shi kuwa ya kare masa suna bayan kaka. A 1975 gwamnati ta shirya gasar takobi ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka, shi ya sa filin kokowa na Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Tun daga nan sai an zaɓi goman jiha, a killace su, a ci da su, a kai su. Masu zaɓen nan da masu riƙe kuɗin abincin, makaɗa ba su yi musu kirari, amma rabin takobin a hannunsu yake.

Takardar dattijo

To, mu koma ga ɗalibina. Turancina ba mai yawa ba ne, na lakwal ne, saboda haka na nemi wani malamin sakandare a Tasawa muka zauna muka bi ta layi layi, muna juya ta zuwa Hausa a kan allo. Shafi biyu ce. Ta ce yaron zai zauna ƙarƙashin ikon mutumin nan shekara biyar, kuma mutumin na iya sabuntawa in ya so. Ta ce duk kuɗin da wata ƙungiya ta biya a kan yaron na mutumin ne. Ta ce kuɗin abinci da masauki bashi ne a kan uban in yaron ya dawo gida kafin lokaci. Ba a ambaci albashi ba, ba a ambaci makaranta ba, ba a ambaci wanda zai biya magani in ƙafa ta karye ba. Ba sunan wata ƙungiya ko ɗaya a ciki.

Da na kai ga layin sabuntawar nan sai da na ajiye alli. Jimlar 1879 ce ta biyo hanya har ta iso Hawandawaki.

Na gaya wa dattijon abin da na sani na dokar FIFA, wadda hukumomin ƙwallo na Nijar da Najeriya duka ke ƙarƙashinta. Yarjejeniyar ƙwararren ɗan wasa ba ta wuce shekara biyar, in kuwa bai kai 18 ba, ba ta wuce uku. Ba a ƙetarar da yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin 18, ban da dalilan da doka ta lissafa, Najeriya kuwa wata ƙasa ce ko da muna zuwa cin kasuwarta da babur. Na kuma gaya masa wani abin da bai taɓa ji ba: in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 har 23. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda ta rubuta sunan yaron a hukumance, ke da rabo. Ƙungiyar samarinmu ba ta da rajista, ba ta da ko littafin sunaye.

Dattijon ya kwafe fassarar da hannunsa cikin littafin ajinsa. Ya ɗauke shi yamma biyu. Ranar da baƙon ya dawo, a zaure ya tarbe shi, aka kawo ruwa, ya buɗe littafin ya karanta masa tambaya uku: wace ƙungiya ce, nawa ne albashi, wa ke biyan asibiti. Baƙon ya ce zai je ya shawarci manyansa ya dawo da amsa bayan Salla. Salla biyu ta wuce.

Yaron ya yi fushi da ubansa, ya yi fushi da ni, wata guda bai gaishe ni ba. Yana nan yana wasa a filin bayan makaranta, bana ya shiga shekara 17. Samarin ƙungiyarsu kuwa sun sayi littafi mai bango na jika ɗaya, sun naɗa magatakarda da ma'aji, sun rubuta sunan kowa da shekarar haihuwarsa. Ran kasuwar da ta wuce magatakardan ya hau mota zuwa Maraɗi, ya tafi tambayo abin da ake bukata na rajista.